Digiri na biyu a fannin tsara baje kolin zane-zane: in tafi waje ko in dakata?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Na gama digirin farko a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, na kuma kammala hidimar ƙasa. Tun ina aji uku na lura hankalina ya fi karkata ga shirya wa abokan karatuna baje koli fiye da yin nawa zanen. Ina son in yi digiri na biyu a fannin tsara baje kolin ayyukan masu zane na wannan zamani, a Ingila ko Amurka. Mahaifina ya ce in dai karatun zai amfane ni, zai sayar da filinsa. Karatun ya cancanci haka? Me ake koyarwa, kuma wace makaranta zan nema?

Amsa: Ƙanwata, barka kadai, Allah ya yi wa karatun da aka gama albarka. Zan fara da maganar fili domin ita ce ba ta jira: kada a sayar. Ki yi wa Baba godiya, ki ce ya riƙe abinsa. Karatun da kike nema karatu ne na gaske, kuma muna da ƙarancin masu shi a Arewa ƙwarai, amma ba ya cikin karatun da ke dawo da kuɗinsa a shekara biyu ko uku. A manyan makarantun Landan, kuɗin makaranta kaɗai ga ɗalibin da ya zo daga waje yakan haura fam 20,000 a shekara, wasu sun wuce 30,000, ba a yi maganar haya da abinci da jirgi da biza ba. Ki buga wannan da canjin yau, sannan ki tambayi albashin ma'aikacin gidan tarihi a Kaduna ko Jos. Lissafin ba ya fita. In Baba yana son ya sa hannu, hayar ɗaki ta mako uku da kuɗin kafinta da na buga takardu sun ishe ki farawa, kuma ba sai an taɓa fili ba.

Shawarata ita ce ki ba kanki shekara biyu kina yin aikin da hannunki a nan gida. Ki shirya baje koli ko da biyu ne, ki rubuta a kansu, sannan ki nemi makaranta tare da tallafin karatu. Wanda ya je da tambayarsa a hannu yana dawowa da abin kirki. Wanda ya je hannu rabbana yakan dawo ne da tambayoyin malamansa, waɗanda galibi ba su shafi Kano ko Zariya ba.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin shi ne rataye hotuna a bango. Rataye hoton yana ciki, amma shi ne na ƙarshe. Mai tsara baje koli shi ke yanke hukuncin wane aiki zai shiga ɗaki da wanda za a bari, wane zai zauna kusa da wane, me mai kallo zai fara cin karo da shi in ya shigo, da abin da za a rubuta masa ya karanta. Ke da kika taso cikin mata kin san jeren ɗakin amarya: kayan ɗaya ne, amma wadda ta iya jere ta san abin da za ta sa a gaba, kuma duk wadda ta shigo za ta karanci matsayin gidan ba tare da an ce mata uffan ba. Haka bangon baje koli yake magana, ko mai shi ya nufa ko bai nufa ba.

Ga misalin da ake koyarwa kusan a kowace makarantar wannan fanni. A 1989 Jean-Hubert Martin ya shirya wani babban baje koli a Paris, ya tara masu fasaha kimanin 100, rabi daga Turai da Amurka, rabi daga Afirka, Asiya da sauran sassan duniya. Niyyarsa kyakkyawa ce. Shekara biyar kafin nan, a 1984, gidan tarihin fasahar zamani na MoMA da ke New York ya jera sassaƙe-sassaƙen Afirka kusa da ayyukan su Picasso, ba tare da an damu da wanda ya yi su ko dalilin yin su ba, kuma Martin yana son ya gyara wannan. To amma a babban zauren La Villette, Baturen Ingila Richard Long ya zana ƙatuwar da'ira da laka a jikin bango, ana hango ta daga nesa, a gindinta kuma aka shimfiɗa zanen da aka yi da ƙasa a kan daɓe, aikin mutanen Yuendumu, 'yan asalin Ostireliya. Har yau ana jayayya a kan wannan kusurwa guda. Wasu sun ce hira ce tsakanin ayyuka biyu da aka yi da ƙasa. Wasu sun ce tsohon tsari ne ya dawo ta bayan gida, Bature a sama, ɗan ƙasa a ƙarƙashinsa. Ba Long ne ya yi wannan magana ba, ba kuma mutanen Yuendumu ba ne. Wanda ya ajiye su a haka shi ya yi ta.

Shekara 13 bayan haka Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, ya jagoranci Documenta ta 11, baje kolin da aka fara a garin Kasel na Jamus a 1955, wanda yanzu ake yi duk shekara biyar. Shi ne na farko da ba Bature ba da ya riƙe ta. Bai tsaya ga ƙara yawan 'yan Afirka a jerin sunaye ba, tsarin ya taɓa. Ya raba taron gida biyar: zaman muhawara a Viyana, New Delhi, tsibirin Sent Lusiya da Legas, sannan baje kolin Kasel ya zo na biyar a 2002. Zaman Legas ya tattauna rayuwar birane huɗu, Legas, Kinshasa, Freetown da Johannesburg. Wato kafin mai kallo ya taka ƙofar Kasel an riga an nuna masa cewa ba nan kaɗai ake tunani ba. Irin wannan hukunci shi ne zuciyar aikin.

Amma kada wannan ya ruɗe ki, mafi yawan kwanakin mai wannan aiki ba a kan manyan tunani suke ƙarewa ba. Akwai yarjejeniyar aron aiki daga mai shi, inshora, takardun kwastan, akwatunan katako, kasafin kuɗi, da takardar da ake rubuta halin da aiki ya iso a ciki da halin da aka mayar da shi, har ɗan ƙarcen da ke gefen firem. Akwai haske: zanen takarda da yadi ba sa son ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, na fentin mai yana ɗaukar kimanin 200. Akwai lallashin mai zane da ya fusata saboda an ba wani bangon da ya fi nasa. Wadda ba ta da haƙurin waɗannan ba za ta daɗe ba, komai kaifin basirarta.

Shin sai da digirin? Dubi manyan da nahiyar nan ta fitar. Enwezor kimiyyar siyasa ya karanta a New Jersey, ya shigo ta hanyar rubutu, ya kafa mujallar Nka a 1994 tare da Salah Hassan da Chika Okeke-Agulu. Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, harkar banki da kasuwanci ta karanta a Siwizalan, ta kafa cibiyar fasaha ta RAW Material Company a Dakar a 2008, ta riƙe gidan tarihin fasahar zamani na Zeitz MOCAA da ke Cape Town daga 2019, kuma ita ce macen Afirka ta farko da aka zaɓa ta jagoranci babban baje kolin Venis, na 2026, sai dai rai ya yi halinsa a watan Mayu na 2025. Bonaventure Ndikung, shi ma ɗan Kamaru, digirin digirgir ɗinsa a kimiyyar halittu ne, yau kuma shi ke shugabantar gidan al'adun duniya na HKW a Balin.

A ɗaya gefen ga Bisi Silva, wadda ita nake so ki fi nazarta. Ta yi ainihin karatun da kike nema a Royal College of Art na Landan, ta gama a 1996. Abin da ta yi da shi ne abin lura. Ta dawo Legas, a 2007 ta buɗe Cibiyar Fasahar Zamani ta CCA a Sabo, Yaba, kuma abin da ta fi zuba ƙarfinta a kai shi ne ɗakin karatu mai dubban littattafan zane, domin ta ga ɗalibai suna gama jami'a ba su taɓa riƙe kundin baje koli na kirki ba. Ta ba ɗaukar hoto da bidiyo muhimmanci a lokacin da kasuwar Legas ba ta san komai ba sai fenti a kan yadi. A 2010 ta fara makarantar Àsìkò, ta wata guda da 'yan kwanaki, wadda ta yi ta yawo da ita: Accra a 2013, Dakar a 2014, Maputo a 2015, Addis Ababa a 2016. Ta rasu a Fabrairun 2019, wata guda kafin Enwezor. Da yawa daga matasan da ke tsara baje koli a Afirka ta Yamma yau ta hannunta suka bi.

Sai dai zamani ya sauya. Lokacin da su Enwezor suka fara, makarantun ma jarirai ne: ta Grenoble a Faransa 1987 aka buɗe ta, ta Royal College 1992, De Appel ta Amstadam da digirin Kwalejin Bard ta Amurka duka 1994. Yau in kika duba tallar aiki a gidan tarihi na Turai ko Amurka, ko ma wasu na Afirka, za ki ga an rubuta ana son digiri na biyu. Saboda haka ba zan ce miki takardar ba ta da amfani ba. Tana buɗe ƙofar ofis. Ba ta mayar da mutum mai ido.

Abin da makaranta mai kyau take bayarwa, na farko shi ne horon rubutu. Za a sa ki karanta tarihin baje koli tun daga Harald Szeemann, wanda a 1969 a garin Bern ya bar masu fasaha suka mayar da ɗakin nuni wurin aiki, wani ya watsa narkakkiyar dalma, wani ya farfasa daɓen titin ƙofar gidan, abin da ya jawo surutun da ya sa ya bar kujerarsa ya zama mai zaman kansa. Za a sa ki rubuta shafi biyu a kan aiki guda, a zauna a gabanki a warware rubutun jimla-jimla. Wannan horo yana da ɗaci, kuma shi ne abin da na fi ganin rashinsa a wurin matasanmu. Suna da ido, suna da zuciya, amma in ka ce su faɗi dalilin da ya sa wannan hoto ya zauna kusa da wancan, sai a koma ga "yana nuna al'adunmu".

Na biyu, gani ya kori ji. Aikin El Anatsui, mai fasaha ɗan Ghana, da kika sani a fuskar waya daban yake da ranar da kika tsaya a gabansa, dubban marafan kwalba da aka ɗinke da wayar tagulla suna saukowa daga bango kamar yadi. A Landan ko New York kina iya ganin baje koli uku a yini, ki koma ki sake kallo, ki lura da tsayin da aka rataye abu da inda aka sa fitila. Na uku, mutane. Abokan ajinki su ne waɗanda nan da shekara goma za su riƙe gidaje a ƙasashe daban-daban, su za su ba ki aron aiki, su gayyato masu zanenki.

Abin da ba za ta ba ki ba shi ne sanin gida. Manhajar kusan duka a kan Turai da Amurka aka gina ta, sai 'yan makonni da aka ware wa sauran duniya. Mutum yana iya dawowa ya haddace abin da ya faru a Bern, bai san wanda ya koyar da zane a Zariya a shekarun 1980 ba.

Game da makarantun, ba zan tsawaita ba, domin tsarinsu yana canzawa kuma dole ki duba da kanki. Na Royal College shekara ɗaya ne yanzu. Na Goldsmiths, ita ma a Landan, shekara biyu. Courtauld ta Landan ta fi karkata ga tarihin zane da aikin gidan tarihi. Bard shekara biyu ce, ajin ƙarami ne, kuma kowane ɗalibi yana shirya baje kolinsa na kammalawa a gidan Hessel da ke cikin makarantar. De Appel ba da digiri aka san ta ba, da horo ne na kimanin wata goma ga mutum kaɗan. A Frankfurt akwai na haɗin gwiwa tsakanin Städelschule da Jami'ar Goethe. Jami'o'in gwamnati a Jamus galibi ba sa karɓar kuɗin makaranta mai yawa, amma sai kin nuna sama da yuro 11,000 na ciyar da kai a shekara kafin a ba ki biza, kuma sai da Jamusanci.

Ni na fi son mai shekara biyu. A mai shekara ɗaya, wata uku na farko sanyi da neman ɗaki da sabon harshe suke cinyewa, kafin ki gane garin an ce ki kawo kundin kammalawa. Matsalar ita ce tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya digirin shekara ɗaya kawai yake ɗauka. In shi ne ya samu, ki karɓa, amma ki tafi da batun bincikenki a shirye. Kowace makaranta kika sa a gaba, ki nemi amsar abu uku. Su wa ke koyarwa kullum, ban da manyan sunayen da ke leƙowa sau ɗaya a zango? Kowane ɗalibi ne ke yin baje kolinsa, ko mutum goma sha biyar ake haɗawa a kan guda ɗaya? 'Yan Afirkan da suka gama shekara biyar da suka wuce, ina suke yanzu? Ki nemo biyu daga cikinsu ki rubuta musu, yawanci suna amsawa.

Kada kuma ki tsallake nahiyar nan. Jami'ar Cape Town tana da karatun shekara ɗaya a wannan fanni, gidan Zeitz MOCAA kuma yana da horon shekara guda tare da Jami'ar Western Cape, inda ake karatu ana aiki a cikin gidan. RAW a Dakar ta fara zangon horonta na 'yan makonni a 2016, ƙungiyar masu tsara baje koli ta ICI da ke New York ma ta sha kawo gajeren horonta biranen Afirka, ciki har da Accra da Dakar. Wanda ya fi burge ni shi ne abin da ya faru a sashen zane na Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Malamai da ɗalibai, ƙarƙashin sunan blaxTARLINES, suka daina jiran a gina musu ɗakin nuni. Tsakanin 2015 da 2017 suka riƙa cika ginin gidan tarihin kimiyya na Accra da ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe, su ne masu ɗauka, su ne masu rataya, su ne masu rubutu.

Daga wannan sashe Ibrahim Mahama ya fito, wanda Enwezor ya sa ya lulluɓe wani dogon lungu a Venis da buhunan algarara a 2015. Da kuɗi suka zo masa bai tare a Accra ko Landan ba. Ya koma Tamale, garinsu, ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a 2019, sannan Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama yaran makaranta suna karatu a ciki. Tamale gari ne na arewa, mai zafi da ƙura, Musulmi sun fi yawa, kuma za ki ji Hausa a kasuwarsa. In kina son ki ga yadda abin zai iya kasancewa a Kano ko Katsina, kuɗin motar zuwa can ya fi miki amfani a yanzu fiye da tikitin Landan.

A gida ma, digiri na biyu a tarihin zane a Zariya ko Nsukka ba abin rainawa ba ne. Ba za a koya miki rataye aiki ba, amma za ki koyi bincike, kuma kayan binciken suna bakin ƙofarki.

Nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin nan jarinki yake. Kin yi karatu a inda Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suka ce ba za su zubar da zanen gida don na Turawa ba, haɗa su za su yi. An yi rubutu da yawa a kansu. Amma Clara Ugbodaga-Ngu, macen da ta koyar a wannan makaranta a waɗannan shekaru, mutum nawa ne a ajinku suka ga aikinta? Gani Odutokun, malamin zane a sashenku wanda ya rasu a 1995, da ɗaliban da ya yaye, su Jerry Buhari, wa ya tattara tarihinsu wuri guda ya nuna wa mutanen Zariya kansu?

Dubi Ladi Kwali. Kowa yana riƙe da hotonta a bayan naira 20. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, kuma jami'arku ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Duk da haka an daɗe ana ajiye ta a rukunin masu sana'ar hannu. A 2022 Jareh Das, 'yar Najeriya, ta shirya baje koli a Landan, ta sa tukwanen Ladi a farko, sannan na Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda ta je Abuja koyo a shekarun 1970, sannan ayyukan matasan mata masu aiki da yumɓu a yau. Da wannan jeri kaɗai Ladi ta tashi daga tsohuwa mai tukwane ta zama tushen wata zuriya. Wannan aiki a Suleja ko Minna ya kamata a fara yin sa.

Akwai masu zanen jikin manyan motoci, masu adon bangon gidaje a Zariya da unguwar Birni ta Damagaram, masu zayyanar allo, masu ɗaukar hoto na tsofaffin situdiyo a Sabon Gari da Fagge, masu haɗa fastocin finafinan Hausa. Amma ki yi hattara da tarko guda: kada a mayar da ke mai tallan "al'adun gargajiya" ga baƙi. Fati Abubakar ta ɗauki hotunan rayuwar yau da kullum a Maiduguri a tsakiyar rikici, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, wannan ma Arewa ce, kuma ta yanzu. Ki nemi masu rai, masu aiki yau, ki zauna a ɗakunan aikinsu ki saurara.

Sannan akwai tambayoyin da babu malamin Landan da zai amsa miki. In za ki nuna allo mai ayoyi, wa zai taɓa shi, a wane tsayi za a ajiye shi, ana sayar da shi ko ba a sayarwa? In akwai siffar mutum a sassaƙe, ta yaya za ki gabatar da ita ga jama'ar da wasunsu ke da damuwa ta addini a kai, ba tare da kin raina su ba, ba kuma tare da kin ɓoye aikin ba? In hoton matar aure ne, ta san za a rataye shi inda kowa zai gani? Waɗannan sai an zauna da malamai da masu aikin da iyalansu. Ki karanci Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo daga Omdurman, wanda ya ciro siffofinsa daga harafin Larabci, kuma Salah Hassan ya tsara masa babban baje koli a Tate Modern a 2013. Hanyar da El-Salahi ya bi ta fi kusa da mu fiye da ta Paris.

Baje kolinki na farko ya zama ƙarami: mutum uku ko huɗu, tambaya ɗaya, mako biyu ko uku. Ki zaɓi wurin da mai sayar da yadi a Kwari da ɗalibar sakandare za su shiga ba tare da jin sun yi kutse ba, ba falon otal ba. Ki buɗe bayan la'asar. Ki rubuta bayanin bango da Hausa tukuna, gajere, layi biyar ko shida, sannan Turanci ya biyo, in da hali ki ƙara ajami. Rubutun Hausar zai tilasta miki fahimtar abin da kike faɗa, domin ba za ki sami manyan kalmomin da ake fakewa a bayansu ba.

Ki kula da yanayi. Gidajen tarihi suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100, a Kano kuwa da hunturu yakan sauka ƙasa da 20. Na ga sassaƙen katako da aka kawo daga kudu a watan Janairu ya tsage tun ba a rufe baje kolin ba. Da damina kuma fumfuna ce da gara. Ki rubuta yarjejeniya da kowane mai zane ko da ƙawarki ce, ki fayyace wa zai biya in abu ya lalace da kason kowa in an sayar, ki ba su wani abu ko yaya yake. Ki ɗauki hoton ɗakin kafin a sa komai, da bayan an jera, da lokacin da mutane ke ciki. Ki ajiye kasafin da jerin ayyukan da rubutunki. Wannan tarin shi ne kundin da za ki nuna wa makaranta.

Lokacin nema, za a buƙaci samfurin rubutunki, shawarar baje kolin da kike son yi, wasiƙun malamai biyu, da jarrabawar Turanci ta IELTS, yawanci maki 6.5 ko 7. Kada ki rubuta cewa burinki shi ne nuna wa duniya al'adun Afirka, masu tantancewa sun karanta wannan jimla sau ɗari. Ki ce, misali, kina son ki tattara hotunan da aka ɗauka a situdiyoyin Kano tsakanin 1970 da 1990, ga inda suke, ga waɗanda kika riga kika yi magana da su, ga abin da ya ɗaure miki kai a kansu. Chevening tana neman shaidar aikin shekara biyu, wato awa 2,800, da alkawarin dawowa gida na shekara biyu, kin ga zaman da na ce ki yi ba asara ba ne. Ki duba tallafin Commonwealth, DAAD da Fulbright ma. In da maganar aure a gaba, ki sani tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu irin wannan digiri tafiya da iyali. Ki kuma fara koyon Faransanci tun yanzu. Baje kolin Dak'Art a Dakar, baje kolin hotuna na Bamako da ake yi tun 1994, da gidan tarihin Boubou Hama a Yamai duk da shi ake aiki, kuma 'yan Najeriya kaɗan ne suke iyawa.

Bayan an dawo, guraben aiki kaɗan ne. Akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, akwai National Gallery of Art, akwai jami'o'i, sai masu zaman kansu da galibinsu suke kudu: kasuwar baje kolin ART X Lagos da aka fara a 2016, gidan Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019, gidan tarihin fasahar Afirka ta Yamma na MOWAA a birnin Benin. Yawancin masu wannan aiki suna haɗawa ne da koyarwa, rubutu da neman tallafin ayyuka. In a Arewa kike son zama, kuma ina fatan haka, ki sa a ranki cewa wataƙila ke za ki buɗe wurin da za ki yi aiki, don haka ki koyi riƙe littafin kuɗi da rubuta takardar neman tallafi da irin himmar da za ki koyi tarihin zane.

Ki fara da komawa sashenku ki roƙi a nuna miki ayyukan tsofaffin ɗalibai da ke ajiye, ki tafi da littafi da tef ɗin awo, ki rubuta suna da shekara da girma da halin da kowanne yake ciki. In kin rubuta shawarar baje kolinki na farko, shafi biyu kada ta wuce, ki turo in duba miki. Ki gaida Baba.